Me kuka tsinta a littattafan magabatanku?

Daga Mai Wurno:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Bayan sadakar arba'in ta Baba, Allah ya jiƙansa, muka buɗe gafakar Alƙur'anin kakansa. Rubutun hannu ne, gara ta ci gefen takardun. A ta ƙarshe akwai ajami da tawadar ta dushe, sai da na kai wa wani dattijon malami ya karanta mini. Sunayen 'ya'yansa ne. Biyar muka sani, ga bakwai a rubuce, kuma gaban biyun farko ya sa: "na bari a Burmi". Mun san yana cikin jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru da suka yo gabas bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903, suka zauna nan Mai Wurno ta ƙasar Sudan tare da Bello, ɗan Attahiru. Zancen yaran nan kuwa babu wanda ya taɓa yi mana. A ƙasa ya bar su, ko a hannun wani? Wallahi ya hana ni barci. Akwai wanda ya gamu da irin wannan?

Daga Gadarif:
Wa alaikumus salam, Yaya. Ni a Dala'ilun kakarmu na samu wasiƙa, an naɗe ta ƙanƙanuwa. Shekara da shekaru tana ajiye da ita, a zatonta laya ce, don ba ta karatu. Ashe daga Haɗeja ta zo, daga matar da kakanmu ya baro da sunan zai je Hajji ya dawo, sai tsinkar auduga a yankin Jazira na Sudan ta riƙe shi. Cewa take ya dawo ko ya aiko mata da takardarta. Na kasa gaya wa kaka har ta rasu.

Daga Makka, Shara Mansur:
Tamu ta fi nauyi. Takardar 'yanci ce da Larabci, tsakanin shafukan Ishiriniya, da sunan kakata. Na san sai 1962 aka haramta bauta a Saudiyya, ban taɓa kawo gidanmu a ciki ba. Da na nuna wa Goggo ta daɗe shiru, sannan ta ce, "Mayar da ita inda kika gan ta."

Daga Mai Wurno:
Allah sarki, ƙanwata. Kin mayar?

Daga Makka:
Na mayar, Yaya, amma sai da na ɗauki hotonta a waya.