A ina ake samun labaran gundumar Montgomery?

Sabon Mazauni:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na tare a Silver Spring da ke gundumar Montgomery a jihar Maryland ta Amurka kwanan nan, kuma na lura manyan kafofi labaran Washington kawai suke kawowa, alhali ni abin da ya dame ni shi ne makarantar 'ya'yana da motocin haya. A ina kuke samun labarai?

Dattijon Rockville:
Wa alaikumus salam, barka da zuwa. Tun da jaridar Gazette ta rufe a 2015, Sentinel ta bi ta a 2020, aka bar gundumar da ke da mutum sama da miliyan ɗaya da ƙarancin 'yan jarida, abin da har yau yake yi mini ciwo. Ina ba ka shawara ka riƙa kallon zaman majalisar gunduma, domin a can ake yanke kasafin makarantu.

Uwar Yara:
Malam, ka yi rajista da Alert Montgomery, tsarin sanarwar gaggawa na gunduma, za su sanar da kai ta waya idan ƙanƙara ta rufe hanyoyi. Labarin suna da rasuwa kuwa, a masallaci ake ji bayan sallar Juma'a.