Aikin da ba naka ba: taimako ne ko kara?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin jinya a wani asibiti a Kano. Ƙarfe 2 nake tashi, amma in wadda za ta karɓe ni ta makara, sai in zauna in canja wa majinyata ƙarin ruwa, har in rubuta mata rahoto. Ko sisi ba a ƙara mini. Ƙawata ta ce kara ce ke cutar da ni. Ku me ke sa ku yin irin wannan?

Ɗan Gumel: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni da gayya na taso. A taru a nome gonar mutum, fura da tuwo kawai zai bayar, amma kowa ya san tasa gonar na nan tafe. A ofishinmu kuwa kullum mutum biyu ne ke ɗaukar nauyin, sauran sai "sannu da ƙoƙari".

Malama Balaraba: Yar uwa, duba wa kike yi wa. In sa'arki ce, lada kike nema, Allah Ya ba ki. In kuwa ta girme ki, kunya ce ta ɗaure miki baki. Ni na fara cewa "yau ba zan samu dama ba, Yaya", kuma gaisuwarmu ba ta yanke ba.

Maman Hanif: Ta girme ni kam. Sa'ar babbar yayata ce.