Wanda ya koya mini aiki ne yanzu a ƙarƙashina, ta ina zan fara yi masa gyara?

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah a sakaya sunana da na asibitin da nake aiki.

Wata huɗu ke nan da aka ɗora mini shugabancin ɗakin hoton X-ray a wani asibiti a nan Zariya. Mu biyar ne masu ɗaukar hoton. A cikinmu akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba. Shi ya karɓe ni ranar da na fara zuwa koyon aiki ina ɗaliba. A hannunsa na iya tsayar da mutum don hoton ƙirji: kafaɗu gaba, haɓa sama, a ja numfashi a riƙe. Tun zamanin ɗaki mai duhu yake, lokacin da ake wanke filim da hannu. Saura shekara biyu ya ajiye aiki. Takarda ce ta sa aka ba ni kujerar nan, shi kuma bai taɓa nuna mini ɓacin rai ba.

Ga abin da ke damuna. Bajon da aka raba mana mu maƙala a jiki, mai auna hasken na'urar (radiyeshan) da ya same mu, nasa kullum yana cikin durowa. Da na yi masa magana cikin raha sai ya ce shekara talatin yana wannan aiki, ga 'ya'yansa tara, me hasken ya rage shi da shi? Rigar dalma da ke kare jiki daga hasken, ninke ta yake yi a kan kujera. In jariri ne, sai ya buɗe hasken gaba ɗaya, hoton ƙirji ya fito tun daga ka har gwiwa. Tun da muka koma kaset na kwamfuta, hoton da ya ɓaci gogewa kawai ake yi a sake. Yaran da ke ƙasa da shi kuma duk sun ɗauka haka aikin yake.

Makon jiya aka kawo yaro ɗan shekara biyu. Sau uku aka ɗauke shi saboda yana fizge-fizge, uwar na riƙe da shi ba riga. Suna fita na ji tana gaya wa mai karɓar kati tana da ciki wata huɗu. Wallahi daren nan ban runtsa ba.

In ba shi takardar tuhuma? In kai maganar sama? Bakina ya yi nauyi, amanar kuma tana wuyana. Ku taimake ni da shawara.

Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya taya ki riƙo. Kada ki fara da takarda. Ranar da kika miƙa masa ita, kin rasa shi, kin kuma rasa rabin yaran da ke ganin girmansa.

Bari in gaya miki abin da ya sami irinmu. A zamanin filim, in ka zuba wuta fiye da ƙima, filim ya fito baƙi ƙirin, kowa ya ga kuskurenka. Filim kuma a ƙirge yake, akwai kwalin da ake tara waɗanda suka ɓaci, ƙarshen wata oga ya zazzage shi a gabanka. Shi ne linzaminmu. Kwamfuta ta zo ta cire shi: ko ka ninka hasken, za ta gyara hoton ya fito fes, mara lafiya ne kaɗai ya sha abin da bai kamata ba. Ba wanda ya zaunar da mu ya yi mana wannan bayani. An kawo na'ura, an nuna mana inda ake dannawa, shi ke nan.

Ki same shi a gida bayan La'asar, ki tafi da maigidanki. Ki ce, Baba, an ɗora mini kaya, na zo ka taya ni ɗauka. Ki ba shi labarin matar nan yadda kika ba mu. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wanda ya koya miki sana'a.

Wani masanin kariya daga radiyeshan, Samaru:

Hajiya, in fara da matar, don ki sami barci. Wanda ya riƙe yaro a hoton ƙirji, muddin ba ya cikin tsakiyar hasken, ɓurɓushin da ya fantsama kawai yake samu. Hoton ƙirjin babban mutum ma bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na milisibat (ma'aunin hasken da jiki ya sha) ba, alhali kowane ɗan adam yana samun kimanin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama. Abin da ya isa ga ɗan cikin nan ƙanƙani ne ƙwarai. Duk da haka ki rubuta abin da ya faru da kwanan wata, ki sanar da likitan hoto, a kira ta a yi mata bayani, kada ta ji a bakin wani ta firgita.

Maganar 'ya'ya tara kuwa, na sha jin irinta. Ƙaramin haske ba ya ƙona mutum nan take. Yiwuwar kamuwa da cutar daji yake ɗan ƙarawa, abin kuma taruwa yake yi. Mutum ɗaya ya tsira ba hujja ba ce. Yara sun fi manya rauni a nan, jikinsu na girma, ga shekaru masu yawa a gabansu, shi ya sa buɗe haske a kan jariri ya fi bajon tayar mini da hankali.

Bajo ba ya kare kowa, shaida ne. Iyakar ma'aikaci milisibat 20 ce a shekara idan aka raba a kan shekara biyar, kada kuma shekara ɗaya ta wuce 50. Bajon da ya kwana wata uku a durowa zai dawo da sakamako mai kyau, ku ajiye a fayil kuna murna, alhali ƙarya kuka ajiye. Ku a Zariya ma kun huta, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, CERT, tana karanta irin waɗannan bajo, ba sai an kai Ibadan ko Legas ba. Hukumar NNRA mai kula da harkar nukiliya da radiyeshan a Najeriya, wadda dokar 1995 ta kafa, ita ke ba asibiti lasisin amfani da na'urar, kuma tana buƙatar a naɗa jami'in kula da kariya. In ba ku da shi, ki nema a rubuce.

Riga kuma ratayewa ake yi. Ninki yana tsaga dalmar ta ciki, waje lafiya lau. Ku shimfiɗa kowace a kan teburi ku ɗauki hotonta, tsaga za ta fito baƙin layi. A riƙa yi duk shekara.

Wata ma'aikaciyar jinya, Sabon Gari:

Ku yi haƙuri, ni ban yarda da wannan lallashin ba. Da ɗana ne aka ɗauka sau uku, ba ruwana da furfurar kowa. Anti, kin ce wata huɗu. Yara nawa suka shiga ɗakin nan a wata huɗun kina jin nauyi? Ki je gidansa, ban hana ba, amma ki sa wa kanki rana. In sati biyu ya cika ba canji, ki rubuta. Gobe in magana ta tashi, ke za a kira, ba Baba ba.

Wani shugaban ɗakin hoto, Kaduna:

'Yar uwa, na zauna a irin kujerarki. Dattijon Tudun Wada da malamar jinya duk sun yi gaskiya, sai dai akwai abin da ban ga an taɓo ba.

Kin tambayi kanki me ya sa bai tambayi matar ko tana da ciki ba? Dattijo ne, sa'ar 'yarsa ce. Kunya ce, ba sakaci kaɗai ba. Ita ma in cikin fari ne, ga surukarta tsaye, ko an tambaye ta cewa za ta yi babu. A wurinmu mun ɗauke wa maza wannan aikin. Mace ce ke jan kowace mata gefe tun a teburin kati, ta tambaye ta ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe, ta rubuta a takardar. Wadda ke shakka, a nemi wani ɗan uwa ya riƙe yaron, a sa masa riga, ya miƙe hannu ya ja jikinsa baya gwargwadon iko. In tazara ta ninka, hasken kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Mun manna sanarwa a ƙofa da boko da ajami, don da yawan matan da ke zuwa daga ƙauye ajami suke karantawa.

Sannan kada doka ta fito da kamannin mutum ɗaya. Ki buɗe littafi: duk hoton da aka sake, a rubuta wane sashen jiki ne da dalili, motsi ne, tsayuwa ce, an manta alamar dama da hagu ne. Watan farko ban da suna. Ki fara da naki. Za ki sha mamaki. Mu da muka yi, ƙurar hunturu a kan faranti ta fi kowane ma'aikaci ɓata mana hoto, sai muka sa ranar goge kaset.

Ki duba jadawalin kwana kuma. In kin cire kanki daga aikin dare, ba wanda zai ji gyaranki da zuciya ɗaya. Ki tabbatar kowa ya sabunta lasisinsa na RRBN, hukumar rajistar masu ɗaukar hoton asibiti, har da ke.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ranar Asabar muka je gidansa ni da maigidana. Da na ba shi labarin matar, ya daɗe shiru, sannan ya ce ya ga alama a tafiyarta, nauyin tambaya ne ya kama shi. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Litinin da kansa ya kwaso rigunan ukun muka ɗauki hotonsu. Biyu sun tsage daidai wurin ninkin. Ya tara yaran ya nuna musu a allo, ya ce laifinsa ne. Littafin ma yana hannunsa yanzu, ya ce ya tuna masa da kwalin da. An sami matar, likita ya yi mata bayani. Bajon dai jiya ma a durowa na gan shi, na ɗauko na miƙa masa, ya maƙala bai ce komai ba. Malamar jinya, sati biyun yana rubuce a littafina.

Yanzu riga ɗaya ce mai kyau a ɗakin, ita muke turawa har ɗakin tiyata. Na rubuta wa hukumar asibiti, an ce in jira kasafin baɗi.

Shugaban ɗakin hoto na Kaduna:

Kada ki sake aika takarda ita kaɗai. Ki buga hoton rigunan biyu, ki zagaye tsagar da jan biro, ki haɗa da kwafin lasisin na'urar. Ki nemi ganin shugaban asibitin da safe kafin ya shiga zagaye, kuma ki tafi da Baba, shi ya yi bayanin.