Yaya baƙo zai ziyarci ƙaramin utaki a Okinawa ba tare da ya ɓata wa mutanen gari rai ba?

Ɗalibi a Osaka:
Assalamu alaikum. Ina da niyyar zuwa kudancin tsibirin Okinawa na ƙasar Japan a hutu mai zuwa, kuma mai masaukina ya shaida mini cewa a bayan ƙauyensu akwai ƙaramin wurin bauta na gargajiya, irin wanda ake kira utaki, wanda masu yawon buɗe ido ba su san da shi ba. Tarihi ne kawai ya ja hankalina, ba ni da niyyar yin wata ibada a can. Shin ana barin baƙo ya shiga, musamman namiji? Kuma idan na tsaya ina kallo ban rusuna ba, za a ɗauka raini ne?

Malamar Tarihi:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sa ran ganin gini. Galibin ƙananan utaki ɗan fili ne a tsakiyar kurmi, da dutse ko tsohuwar bishiya, sai kaskon turare a gabansu, kuma a nan matsalar baƙo take, domin yana iya taka ɓangaren da ya fi tsarki a wurinsu, wanda suke kira ibi, alhali yana zaton bai iso ba tukuna.

Batun namiji kuwa yana da tushe mai tsawo. A masarautar Ryukyu, wadda ta mulki Okinawa a da, ragamar addini a hannun mata take, kuma a zamanin Sarki Sho Shin, wanda ya yi mulki daga 1477 zuwa 1526, aka tsara mata masu jagorantar bauta a ƙauyuka, wato noro, a ƙarƙashin shugabarsu kikoe-ogimi, wadda ake naɗawa daga gidan sarauta. Japan ta rushe masarautar a 1879, amma ƙauyuka da dama ba su daina bukukuwansu ba, kuma har yau akwai wuraren da namiji yake tsayawa daga bakin shiga. Kowane ƙauye da dokarsa, saboda haka amsar tana bakin mutanen garin.

Mai Yawon Tsibirai:
Shawarata ita ce ka fara da Sefa-utaki da ke birnin Nanjo a kudancin Okinawa, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Ana sayen tikiti, an shata hanyar da za a bi, kuma maza suna shiga yanzu, ko da yake a da an hana su. Idan ka ga wannan, za ka gane sauran.

Mazaunin Naha:
Ban yarda da ƙarshen maganarka ba, ɗan'uwa. Wanda ya fara da Sefa-utaki yakan fito da tunanin cewa ko'ina a buɗe yake, alhali a tsibirin Kudaka, wanda ake hangowa daga can, akwai Fubo-utaki da aka haramta wa baƙi shiga ɗungurungum, maza da mata. Ƙaramin utaki na ƙauye ba shi da mai gadi ko allon gargaɗi, ba don an sake shi ga kowa ba, sai don masu shi ba su taɓa buƙatar a rubuta musu dokar ba.

Malam mai tambaya, ka roƙi mai masaukinka ya raka ka, ko ya tambayo maka dattawa a zauren taron ƙauyen, kuma idan aka ce a'a ka haƙura. Idan an ba ka izini, kada ka ɗauki dutse ko ganye, kada ka matsar da kaskon turaren don hoto ya yi kyau, kuma baƙin turare mai faɗi da shinkafa da giyar awamori da za ka iya tararwa a ajiye hadaya ce, ba shara ba. Idan ka iske tsofaffin mata a zaune suna addu'a, ka ja da baya ka mayar da kyamara jaka.

Game da rusunawa, a ganina babu wanda zai nemi baƙo ya bauta wa abin da bai yi imani da shi ba. Abin da suke lura da shi shi ne ƙarar murya da inda ka sa ƙafa. Ka kuma sa rufaffen takalmi ka bi hanyar da aka share, domin macijin habu mai dafi yana zama a irin waɗannan duwatsu da ciyayi, musamman a lokacin zafi.