Wai dole sai bel mai milimita 13 ne yake kare bayan ɗan ɗaga ƙarfe?

Sabon Shiga: Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema wajen manya. Sikwat ɗina (tsugunawa da ƙarfe a kafaɗa a miƙe) ya fara nauyi, dedlif (ɗaga ƙarfe daga ƙasa zuwa ƙugu) ma haka, to akwai wani a jim ɗinmu da ya ce min in dai ba bel mai kaurin milimita 13 mai liba (maɗaurin ƙarfe da ake dannawa ya kulle) na saya ba to kuɗina kawai na zubar, wai shi kaɗai ne yake kare baya sauran duk na 'yan gayu ne. Da gaske ne? Don wlh kuɗin ba kaɗan ba ne

Dogo: Gaskiya ya faɗa maka ƙanena. Ka daure ka sayi 13 ɗin sau ɗaya ka huta, na kamfanin SBD ko Inzer, har ɗanka sai ya gada. Ka duba manyan duniya mana, Ray Williams da ya yi sikwat ɗin kilo 490 a 2019 da bel ya yi, ko ka ga ya ɗaura wani siririn abu? Baya ɗaya gare ka, in ya lalace babu na sayarwa a kasuwa

Maiƙarfe: Kai Dogo ka ji tsoron Allah. Ray Williams fa ya haura kilo 180 a jikinsa, wannan yaron kuwa in ya kai 70 ma an gode Allah, ta ina za ka haɗa su. Kuma tunda sunaye muke kira, Konstantin Konstantinovs ɗan ƙasar Latbiya ya ja dedlif kilo 426 a 2009 babu bel ko na wando, bayansa bai karye ba. Ni a wajena bel ma lalata mutum yake yi, kana ɗaurawa tsokar cikinka ta kwanta ta bar masa aikin, ranar da ka cire ka zama ba kai ba

Dogo: To ai mutum ɗaya ka kawo. Kawo na biyu mu ji

Maiƙarfe: Kai ma ɗaya ka kawo ai hhh

Kawu Koci: Ku tsaya tukuna, dukkanku kun kama wani ɓangare kun saki wani. Matsalar ita ce mutane sun ɗauka bel tallafar baya yake yi daga waje kamar yadda ake ɗaure karaya, alhali aikinsa a gaba yake, a ciki. Kafin ka sauka sikwat kana jan numfashi ka cika ciki, ba ƙirji ba, ka riƙe shi ka tura cikin waje ta gaba da gefe da baya gaba ɗaya. Wannan matsin da ya taru a cikin cikinka shi ne yake sa gangar jiki ta sandare ƙashin baya ya daina lanƙwasa. Bel kawai bango ne da ciki zai tokara da shi. Ku dubi tiyub ɗin mashin, in ka hura shi shi kaɗai sai ya yi ta kumbura yana laushi, amma in yana cikin taya iskar nan dai ita ce take ɗaukar mutum biyu da buhu. Wanda bai iya hura cikinsa ba ko bel ɗin naira miliyan ya ɗaura fata kawai ya naɗa.

Sabon Shiga: Kawu to kenan irin wanda bayansa yake da faɗi gabansa siriri fa? Shi na fi gani a shaguna, har da soso a ciki

Kawu Koci: Wannan na masu gina jiki ne. Tunda ciki ne yake turawa, me ya sa za a rage fatar daidai inda ake buƙatarta? Shi ya sa na masu gasar sikwat, benci (tura ƙarfe daga ƙirji a kwance) da dedlif faɗinsa ɗaya ne tun daga baya har cibiya. Kuma in kana da niyyar shiga gasa ka sani dokar IPF, hukumar wasan ta duniya da aka kafa a 1972, ba ta yarda faɗin bel ya wuce santimita 10 ba, kauri kada ya wuce milimita 13, babu soso ko wani ciko a ciki, kuma a saman riga ake ɗaurawa. To ka ga 13 ɗin nan da ake ta yi maka wa'azi iyaka ce aka sa, ba a ce shi ne farilla ba. Mai kaurin milimita 10 ma halal ne. Masu ɗagawa irin ta Olamfik kuma su har santimita 12 aka ba su, kada ka rikita dokokin biyu.

Anti Fisiyo: Bari in sa baki a maganar "kare baya" ɗin nan don ita ce ta fi damuna, mu ne ake kawo wa mutane suna tafiya a karkace. An yi wani babban bincike a Amurka kan ma'aikatan Walmart masu ɗaukar kaya, mutum sama da 13,000 a shaguna 160, an buga shi a mujallar likitoci ta JAMA a shekarar 2000. Masu ɗaura bel kullum da waɗanda ba sa ɗaurawa, ba a ga wani bambanci ba wajen ciwon baya ko raunin baya. Tun 1994 ma hukumar NIOSH mai kula da lafiyar ma'aikata a can ta ce babu isasshiyar hujjar cewa bel yana hana rauni. Saboda haka mai ce maka saya ka tsira daga ciwon baya, talla yake yi

Dogo: Haba Anti, da girmanki. Wancan fa bel ɗin roba ne mai talewa da ake raba wa masu jera kwali a kanti, su ɗaura tun safe har dare ba wanda ya koya musu riƙe numfashi. Me ya haɗa shi da fatar sa mai kauri da mutum zai ɗaura na sakan goma ya cire?

Anti Fisiyo: Wannan kam ka yi gaskiya, ba iri ɗaya ba ne. Amma kai ma ba ka da binciken da ya nuna naka na fatar yana hana rauni, abin da aka auna aka tabbatar shi ne yana ƙara matsin ciki kuma mutum yana tashi da nauyin da sauri. Wato abin ƙara ƙwazo ne. Kuma ka san halin mutane, da zarar ya ji ƙugunsa a ɗaure sai ya ji kamar layar ƙarfe aka ba shi ya ƙara faranti biyu alhali bayansa a gantsare yake ko a dunƙule, to nan ake samun matsalar

Maiƙarfe: Yauwa Anti, faɗa musu

Anti Fisiyo: Kai ma ban ƙyale ka ba Maiƙarfe. Maganarka ta cewa tsokar ciki tana kwanciya ba haka aka gani ba. A 2002 an auna aikin tsoka lokacin dedlif da bel da kuma babu bel, sai aka ga tsokar gaban ciki ta ma fi aiki in an ɗaura, ta gefe ce aikinta ya ɗan ragu. Sauyin rabon aiki ne kawai, ba barci ba

Maiƙarfe: To ni dai abin da idona ya gani, yara suna ɗaura shi tun daga ɗumama jiki da sandar banza har zuwa murɗa damtse, wani ma da shi yake hawa mashin ya koma gida

Kawu Koci: Wannan laifin mai ɗaurawa ne. Ni yarana sai nauyi ya kai wajen kashi 80 cikin ɗari na iyakar abin da suke iya ɗagawa nake bari su ɗaura, na ƙasa da haka da cikinsu za su riƙe. Ta haka mutum ya samu duka biyun.

Gajere: Ni dai ku bar ni da Dogo. Dogo kai tsakanin haƙarƙarinka da ƙashin ƙugunka fili ne guda, shi ya sa kake ganin kowa haka yake. Mu da Allah ya yi mu a taƙaice, bel mai santimita 10 kuma mai kaurin 13 in na sunkuya zan kama sandar dedlif sama yana cizon haƙarƙari ƙasa yana tokare cinya, sai ka ga na kasa shiga mazaunina daidai bayana ya dunƙule, wato abin da aka ce zai gyara baya shi ne yake ɓata min shi. Mai inci 3 nake amfani da shi, kusan santimita 7 da rabi, kauri 10, kuma doka ba ta hana ba tunda bai wuce iyaka ba. Mata da yawa ma shi ya fi yi musu

Dogo: Ai yana laushi in an daɗe ana amfani da shi, haƙuri za ka yi. A naɗe shi a warware a naɗe

Gajere: Laushi zai yi amma faɗinsa ba zai ragu ba, ni kuma ba tsawo zan ƙara ba

Sabon Shiga: To maganar liba fa da mai tsinke irin na bel ɗin wando? Ni dai ƙarar nan ta "ƙwas" in an ɓalle liba tana burge ni gaskiya

Baban Ummi: Hhh ai ƙarar ce take sayar da shi. Liba akwai daɗi, hannu ɗaya ka ɗaure hannu ɗaya ka kwance, kuma tana matsewa fiye da yadda za ka iya ja da ƙarfinka. Amma irin ta asali da kusoshi biyu aka ɗaure ta, in kana son ƙara rami ɗaya ko ragewa sai ka nemo sukundireba. To ka yi tunanin azumi, cikinka na satin farko ba shi ne na goman ƙarshe ba, wanda yake atisaye kafin shan ruwa da wanda yake yi bayan tarawi ya ci ya ƙoshi ma ba ɗaya ba ne. Ga kuma masu son sikwat a matse dedlif a ɗan sake. Mai tsinke ɗaya kawai rami za ka canza. SBD sun yi libar da ake matsar da ita ba tare da sukundireba ba, amma kuɗinta da dala ake lissafi, ga kuɗin kawowa daga Ingila

Dogo: Mai tsinke biyu fa, ai ya fi riƙo

Baban Ummi: Babu abin da ya fi sai wahala. Fatar ce take riƙe ka ba tsinken ba. Ka gama seti kana haki idonka na ganin taurari sannan ka tsaya kokawa da tsinke biyu, wani sai ya jingina da ƙarfen rak, inda ake ɗora sandar, yake iya cire shi

Anti Fisiyo: Tunda an zo maganar ganin taurari. Riƙe numfashi a ƙarƙashin nauyi yana harba jini sama sosai na ɗan lokaci, an taɓa auna wani mai gina jiki a 1985 yana tura nauyi da ƙafa jininsa ya kai 480/350. Lafiyayye yana saukowa nan take, amma mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita kafin ya shiga harkar matse ciki. Sannan masu cewa bel yana hana ƙaba ko gwaiwa ku daina, bel a cibiya yake, ƙabar da ta fi yawa a maza ta matsematsi take fitowa inda bel bai kai ba, ga shi kuma matsin ciki yake ƙarawa. In ka ga kumburi a wajen asibiti za ka je ba shagon kayan wasanni ba

Ɗan Baduku: Ni duk ina jin ku ana ta Ingila da Amurka. Fata dai ce ko? Mu a Kano tun kakanni muke ɗinka sirdi da linzami, ku kawo awo a haɗa muku kirgi biyu a manne a ɗinke gefe da gefe ya kai milimita 10 ɗin. Abin da za a kula kawai kada a yi da fatar akuya ko ta tunkiya don tana talewa, kuma kada a karɓi irin wadda aka niƙa ragowar fata aka manne, wannan da gumi ya shige ta sai ta fara ɓarewa

Kawu Koci: Na atisaye babu laifi ko kaɗan, Ɗan Baduku, in dai kan bel ɗin ƙarfe ne mai ƙwari don nan ne yake fara mutuwa. Sai dai gasar IPF ta duniya tana da jerin kamfanonin da ta amince da kayansu, wanda ba ya ciki ba za a bar ka ka hau dandali da shi ba ko da awonsa daidai ne. Gasar gida kuma a tambayi masu shiryawa tun da wuri.

Dogo: Kun gani ko, an dawo maganata. Ƙarshenta dai sai ya sayi na kirkin, to me ya sa zai sayi biyu

Gajere: Ba a dawo maganarka ba malam, Inzer ɗin da kake kira su ma suna yin mai 10. Kuma yaron da ko gasar unguwa bai shiga ba kake yi wa lissafin gasar duniya

Dogo: Ni dai na faɗa, in sikwat ɗinsa ya wuce 200 zai neme ni

Kawu Koci: In ya wuce 200 ya zo ni zan ara masa nawa ya gwada. Sabon Shiga, yanzu ka nemi mai kauri 10, tsinke ɗaya, faɗi ɗaya duk zagaye. Kafin ka biya ka ari na wani mai santimita 10 ka sunkuya kamar za ka ja dedlif, in ya cije ka a haƙarƙari ka koma mai inci 3. Kuma kada ka yi oda da lambar wandonka, ka sa tef ka auna daidai cibiya da riga a jikinka, ka zaɓi wanda awonka ya faɗa ramin tsakiya. Wajen ɗaurawa ka bar wurin da yatsa zai shiga, in ka matse har ka kasa cika ciki da iska ka kashe amfaninsa.

Sabon Shiga: Na gode Kawu, Allah ya ƙara girma. Na auna yanzu santimita 82 ne. Yaya Ɗan Baduku in na kawo awon kan bel ɗin ku kuke nemowa ko ni zan zo da shi?

Ɗan Baduku: Ka zo da shi in za ka samu mai ɗan bututun ƙarfe da yake juyawa a jiki, na kasuwa yawanci na jaka ne ba zai ɗauki wannan matsin ba. In ba ka samu ba sai mu kai wa maƙeri ya buga mana, amma fa sai bayan Juma'a