Ɗana zai sa ni a sabon jirgin ruwa: in je, ko in ce ya turo kuɗin rufi?

Hajiya mai atamfa, Nima:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar wanda ya gani da idonsa nake nema. Babban ɗana da ke Bronx a Amurka ya ce bana in na je ganin jikoki zai sa mu a wani sabon jirgin ruwa na shaƙatawa, Icon of the Seas, kwana 7 daga Mayami. Abu uku ke damuna. Gwiwata ta hagu ba ta son doguwar tafiya, ba na cin naman da ban san yankansa ba, sannan ina zan yi sallah? Ga ginina na Kasoa, nan Gana kusa da Accra, ya tsaya a linta shekara biyu, ruwan sama na ta dukan bulo. Zuciyata na cewa ya bar jirgi ya turo kuɗin kwano. Kafin ƙarshen wata yake son amsa don ya ba da kafin alƙalami.

Ɗan Mamobi:
Mma ki tafi kawai. Allah ya ba mu 'ya'yan da za su tuna da mu haka.

Direban trotro (motar haya), Circle zuwa Madina ta Accra:
Hajiya, Titanic ma sabo ne dal ranar da ya tashi a 1912. Ni dai iyakata kwalekwalen Yeji na tafkin Volta, shi ma sai da na karance duk surar da na haddace kafin mu kai Makango.

Nas, 'yar Madina a Maryland:
Wa alaikumus salam Mma. Na shiga wannan jirgin a 2024, shekarar da ya fara aiki. Da motarmu ta tsaya a tasha na zaci wani dogon bene ne ya tare mana jirgin, ashe shi ne. Hawa 20, tsawonsa mita 365, kusan filin ƙwallo uku da rabi. In ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata sama da 2,000. A Finlan aka ƙera shi. Abin da ya fi tsaya min a rai lambun da ke tsakiyarsa, itatuwa na gaske da ƙasa, ki zauna da daddare ki manta kan teku kike. Can gaba akwai wata ƙatuwar ƙubba ta gilashi, ruwa na zubowa daga sama, 'yan wasa na tsunduma ciki. Wurin ninƙaya 7, wurin sulu na ruwa 6, har da filin ƙanƙara da ake wasa a kai. Jikokinki ba za ki gan su ba sai yunwa ta koro su.
Maganar nama, ni kifi da shinkafa da ganye na ci har muka dawo, ban ji yunwa ba ko sau ɗaya. Inda ake ɗiba da kai ana rubuta sunan kowane abinci, ki sa surukarki ta riƙa karanta miki saboda naman alade. Ɗanki kuma ya rubuta wa masu jirgin buƙatarki tun wajen biyan kuɗi. A ɗaki na yi sallolina. Amma kar ya kama miki ɗakin ciki mara taga, ba za ki san gari ya waye ba. Ni sau biyu asuba ta wuce ni.

Alhaji mai sifeya, Abossey Okai:
Nawa ne kan mutum ɗaya? Nan maganar take. Wani yarona ya ce dala 900.

Nas, 'yar Madina a Maryland:
Alhaji, 900 ba a wannan jirgin ba, sai dai tsoho. Mu mun biya sama da dala 2,000 kowa. Ga tukuicin ma'aikata da ake ɗorawa kullum a kan kowane mutum, intanet kuma daban.

Ɗan Aboabo, Kumasi:
Abokina da matarsa dala 3,000 suka biya su biyu, har da tikitin jirgin sama.

Alhaji mai sifeya, Abossey Okai:
To wa ke ƙarya a cikinku?

Nas, 'yar Madina a Maryland:
Ba mai ƙarya. Lokacin hutun makaranta ba ɗaya yake da sauran watanni ba, ɗaki mai baranda ba ɗaya yake da na ciki ba.

Tela, Sabon Zango:
Ni da na ji an ce jirgin shaƙatawa sai cikina ya juya. Ku yi haƙuri, ba tambayar Hajiya zan amsa ba. Ƙanina, wanda uwarmu ta bar min amana, ya gama sakandare shekara uku ba aiki. Wani ejan mai ofis da kwandishan ya nuna mana hotunan irin waɗannan jirage, ya ce ana neman masu wanki da guga, albashi da dala, ci da kwana kyauta. Kuɗin fom sidi 2,500. Gwajin lafiya 1,800, a asibitin da shi ya zaɓa. Sai kuɗin biza, sai kuɗin inifom. Na sayar da keken ɗinki biyu cikin huɗu, na ci adashen matata. Gaba ɗaya sidi 21,000. Ran da aka ce su zo su karɓi takardar tafiya, yara 14 suka tarar da kwaɗo a ƙofa, mai gidan ma yana nemansa da haya. Sai daga baya wani tsohon ma'aikacin jirgi a Tema ya ce mana ba a hawa jirgi aiki sai da littafin ma'aikacin teku da horon kare kai, irin wanda ake yi a jami'ar harkar teku ta Nungua. Ejan bai taɓa ambata ko ɗaya ba. Yaron nan yanzu ko gaisuwar safe ba ya iya haɗa ido da ni, alhali ni na kai shi da ƙafata.

Ɗan Mamobi:
Inna lillahi. Yaya, mai tabo a goshi ne, yana yawan cewa "in sha Allahu wata mai zuwa"?

Tela, Sabon Zango:
Duk haka suke cewa.

Ɗan Aboabo, Kumasi:
Nan ma an yi, amma da sunan aikin otal a Dubai. Har masallaci ya zo ya ba da gudummawar siminti.

Alhaji mai sifeya, Abossey Okai:
Kin ji ko, Hajiya? Duk harkar ruwa haka take. Rufa gininki. Kuɗin kanki kaɗai in aka canza zai sayi kwano da katako har da ladan kafinta. Hoto ba ya tare ruwan sama.

Nas, 'yar Madina a Maryland:
Alhaji, da girmanka, me ya haɗa damfarar ejan da ɗa zai fita da uwarsa? Kai ka taɓa shiga?

Alhaji mai sifeya, Abossey Okai:
Yarinya, kwantena nawa na fitar a Tema kafin a haife ki? Na san jirgi.

Direban trotro, Circle zuwa Madina:
Alhaji, kwantena ba ta sallah, ba ta ciwon gwiwa.

Malamin makarantar allo, Fadama:
A sassauta. Hajiya, sallah a jirgin ruwa ta halatta, sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha ta teku suka bi. Ki fuskanci alƙibla, ki tsaya in kina iyawa, in jiri ko gwiwa sun hana ki zauna. Kina da sauƙin ƙasaru. Abin da zan tambaya shi ne giya da caca da tsiraicin bakin wurin wanka.

Nas, 'yar Madina a Maryland:
Akwai su Malam, ba zan ɓoye ba. Gidan caca na ɓangarensa, ba sai an bi ta ciki ba. Sannan Mma, a duba ko bizarki ta Amurka mai shiga da fita da yawa ce, don jirgin na tsayawa Bahamas, wani zubin har Meziko.

Ɗan Aboabo, Kumasi:
In don wannan ne, Saudiyya ta fito da nata jirgin, Aroya, daga Jidda ya fara tashi a ƙarshen 2024. Abinci halal, ga wurin sallah. Ki yi Umara ki zarce.

Tela, Sabon Zango:
Ta hannun wa? Ejan kuma? Maƙwabciyata shekara biyu kenan tana bin kuɗin Umararta.

Ɗan Mamobi:
Ya kamata sarakunan zango su sa baki a maganar ejan-ejan ɗin nan. Kowa ya san gidajensu, a sahun gaba suke sallar Juma'a.

Alhaji mai sifeya, Abossey Okai:
Wa zai kai ƙara? In ka kai, a ce ɗan uwa ne, a yi sulhu, a ba ka sidi 500 a ce ka yi haƙuri da saura.

Hajiya mai atamfa, Nima:
Na gode muku duka. Tela, Allah ya mayar maka da alheri, ka turo yaron shagona ran Litinin mu gani. 'Yata ta Maryland, ba ki ce komai kan gwiwa ba. Daga ɗaki zuwa wurin cin abinci tafiyar minti nawa ce, kuma akwai lif ko matakala ce?

Direban trotro, Circle zuwa Madina:
Mma, in babu mota a ciki ki gaya musu akwai direba a Circle, fasfo kawai ya rage min.

Tela, Sabon Zango:
Amin Hajiya, zai zo. Ɗan Mamobi, wancan mai tabon, a wane layi ka san shi?