Wai me ya sa a tatsuniya talaka ba ya arziki sai ta hannun sarki?

Maman Ilham:
Salam 'yan uwa. Jiya da daddare an ɗauke wuta yara suka dame ni sai na yi musu tatsuniya, to na ce ga ta nan ga ta nanku na ɗauko musu Ta-kitse. Ina cikin bayarwa na zo wajen da Gizo ya ruga fada yana sarki sarki kunnenka nawa, ya tsegunta cewa tsohuwa tana da wani ƙaton sa, sarki ya aika aka kamo san aka yanka aka bar ta da kayan ciki, kawai sai babbar 'yata mai shekara 9 ta ce Umma to an biya ta kuɗin san? Wallahi sai na yi shiru. Tun ina yarinya nake jin tatsuniyar nan a bakin kakata amma ban taɓa kawo wannan a raina ba. Kuma da kayan cikin suka rikiɗa suka zama 'yan mata, sarkin nan dai shi ya sake dawowa ya ɗauke wadda ta fi kyau. Dan Allah masana, koya wa yara ake su haƙura da zalunci ko kuwa tona asirin sarakai ake?

Ɗan Kurmi:
Hajiya ai 'yarki ta fi mu lissafi hhh. Ni a ganina tonon silili ne. Ki tuna su wa suke yin tatsuniya, tsofaffi mata ne a tsakar gida da dare, matan talakawan da ake karɓar haraji da jangali a hannun mazajensu, ga aikin gandun sarki, ba su da bakin faɗa da rana tsaka sai su sa a bakin Gizo. Shi ya sa ake rufewa da ba don Gizo ba da na yi ƙarya, wa zai kama ka a kan zancen Gizo? Abin da su Malam Aminu Kano suka fito fili suka faɗa da aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, cewa akwai sarakai akwai talakawa, kakanninmu sun daɗe suna faɗinsa a kaikaice. Harajin ma ai sai 1979 Abubakar Rimi ya soke shi a Kano, ba wani tsohon zance ba ne.

Malam Na-Zaure:
Ɗan Kurmi ban yarda da kai duka ba. Kullum ana cewa Gizo jarumin talaka ne don yana yi wa Zaki da Giwa da Kura wayo, to amma a Ta-kitse wa ya kai gulmar? Gizo ne fa, maƙwabci, talaka ɗan uwan talaka, don a sam masa tsoka. Gizo cikinsa kawai ya sani, ko Ƙoƙi matarsa ba ta tsira ba. Sannan ku duba yadda labaran suke ƙarewa, 'yar bora ta sha wuya a hannun kishiyar uwa, ta cuɗa wa tsohuwa baya a rafi, ladanta shi ne ta auri ɗan sarki kamar a Daskin-da-riɗi. Auta ya kashe Dodo, ladansa sarki ya ba shi 'ya ko sarauta. Ba za ka ji an ce wane ya yi noma shekara goma ko ya yi fatauci zuwa Gwanja ya tara abinsa ba, alhali a zahiri Hausawa da fatauci da rini da jima suka yi kuɗi. A tatsuniya ƙofar arziki ɗaya ce kuma a fada take, mutum ɗaya ya shige sauran 'yan garin suna nan inda suke.

'Yar Maraɗi:
Malam gaskiya ka taɓo wani abu. Mu nan ma haka kakata take ba mu, sai dai ni abin da na lura bora da mowa ai duk gida guda suke, miji guda, amma ɗaya tana cin tuwo da nama ɗaya ƙanzo. Wato matan sun fi damuwa da rashin adalcin da ke cikin rumbun gidansu, wa ake auna wa hatsi wa ake hanawa, fiye da na fada.

Ɗan Kurmi:
Malam na karɓi gyara a kan Gizo, munafuki ne. Amma a lura, waɗanda muke karantawa a takarda irin tarin tatsuniyoyin Bature Frank Edgar na 1911 zuwa 1913 malamai maza ne suka rubuta wa Turawan mulki, ba lallai yadda tsohuwa take yi da muryarta ba, ita in ta zo wajen da aka ƙwace san har tsaki take ja.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai Allah ya ƙara basira. Yau ma 'yar tawa ta sake tambaya ta da safe tana shirin makaranta, na ce mata ba a biya ba. Ta ce to ita in za ta ba ƙannenta sai ta sa tsohuwar ta kai ƙara wajen alƙali, na ce to alƙalin wa ya naɗa shi, ta ce wannan kuma sai ta dawo.